Karen da Yake Ci Ba Ya Ƙiba

Wani maƙwabcinmu ya taɓa korar maigadinsa saboda kare. Alseshiyan ne, irin wanda muke kira karen 'yan sanda, bai cika shekara biyu ba. Ana sayen abincinsa buhu-buhu, amma kullum sai ramewa yake, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Mai gida ya yanke cewa maigadi ne yake karkatar da abincin. Aka kawo sabon maigadi, aka ninka kwano, aka ɗura masa maganin tsutsar ciki har sau uku. Kare ya ci gaba da lashe kwano yana neman ƙari, har kashinsa yake komawa ya ci. Ci ba ƙiba, asarar hatsi.

Da an tsaya an dubi kashin nan, da maigadi bai rasa aikinsa ba. Tuli guda ne, fari-fari kamar yumɓu, yana ƙyalli da maiƙo, ga ɗoyi. In an watsa ruwa a siminti sai ya bar santsi. Kitsen da aka ba karen ne yake fitowa yadda ya shiga.

Kitse ba ya haɗuwa da ruwa, duk mai wanke tukunyar miya ta san haka. Kafin jiki ya amfana da shi, sai ruwan maɗaciya ya farfasa shi ƙanana, kamar yadda sabulu yake yi wa maiƙo. Sannan wani sinadari mai suna lifes ya ƙarasa narkar da shi, hanji ya tsotse. Lifes yana fitowa ne daga fankiriyas, wata 'yar tsoka mai laushi da take kwance a jikin farkon ƙaramin hanji, dab da tumbi. Ita ce kuma take fitar da sinadaran narkar da nama da sitaci. In ta gaza, duka ukun suna taɓuwa, amma asarar kitse ta fi ciwo: giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na furotin ko sitaci kuwa 4 kacal. Tare da kitsen kuma bitamin A, D, E da K suke bi su zube, shi ya sa gashin karen yake bushewa ya yi furu-furu.

A jinsin Alseshiyan, jiki ne yake juya wa fankiriyas baya, yana cinye ƙwayoyinta a hankali, kuma abin yana bin jini. Ba a ganin alama sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta ya tafi, don haka mai kare yake ganin kamar rana ɗaya abin ya faɗo. A karnukan da suka manyanta, yawan kumburin fankiriyas ne yake kai ta ga haka. A nan zan ja kunnen masu zuba wa kare ragowar kitsen layya kwano guda: irin wannan cin na lokaci ɗaya yana cikin abubuwan da suke tayar da kumburin.

Gano cutar ba ya bukatar ɗan duba. Akwai gwajin jini da ake kira TLI, wanda David Williams da Roger Batt suka samar a Jami'ar Libaful ta Ingila a shekarun 1980. A hana kare abinci awa 8 zuwa 12, a ɗebi jini, a auna. In sakamakon ya faɗi ƙasa warwas, magana ta ƙare.

Magani shi ne a ara wa karen abin da ya rasa. Ana sayar da garin sinadaran narkewa, ana barbaɗa kamar ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kilo 10 na nauyin kare, a cakuɗa da abinci. Kowane ci, har ƙarshen ransa. Ranar da aka fasa, zawo ya dawo. Garin yana da tsada, kuma galibinsa daga fankiriyas ɗin alade ake yin sa, abin da da yawa cikinmu ba za su so ya shiga gidansu ba. Sai dai mahauta tana da mafita, domin ɗanyar fankiriyas ta saniya tana yin aikin. Ana yayyanka giram 50 zuwa 100 a kowane ci ga kare mai kilo 20 zuwa 35. Kada a dafa, wuta tana kashe sinadaran. Tana yin wata uku a daskare, in wutar lantarki ta yi adalci. A saya daga dabbar da likita ya duba, kuma a tafi da hoto a waya, don in ka yi kwatance da baki sai mahauci ya miƙo maka saifa, ita kuwa ba ta narkar da komai.

Wani abin da ake mantawa shi ne bitamin B12. A kare, fankiriyas ce take fitar da akasarin sinadarin da yake riƙo wannan bitamin ya shigar da shi jini. Mafi yawan karnuka masu wannan cuta suna da ƙarancinsa, kuma wanda ba a cike masa ba yakan ƙi murmurewa ko ana ba shi garin. Likitan dabbobi yakan fara da allura mako-mako na kamar mako shida, sannan ya tsawaita.

Batun abinci ne ya fi rikita mutane. A da ana cewa a yanke kitse kwata-kwata. Yanzu likitoci sun sassauta, don karen da ya zama ƙashi da fata, in ka hana shi abin da ya fi ba da ƙarfi, da me zai tashi? Abinci mai sauƙin narkewa, kitse madaidaici, a raba sau biyu ko uku a yini. Dusa da harza kuwa a rage, suna tare sinadaran su hana su aiki.

Amma akwai wata cutar mai kama da wannan, wadda dokarta ta saɓa. A jikin hanji akwai siraran hanyoyi da suke ɗaukar kitsen da aka tsotsa. A wasu karnuka, irin su Rotwaila da 'yan ƙananan Yokshiya, hanyoyin suna buɗewa su kumbura su riƙa yoyo, furotin na jini yana tsiyayewa cikin hanji, har ciki ya tara ruwa. Wannan karen, kitse shi ne abokin gabarsa. Farar tsokar kaza da shinkafa ko dankali ake fara masa, bisa lissafin likita. Ƙwayar cutar jiyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa ita ma tana kawo kashi mai maiƙo, kuma magani na 'yan kwanaki yake kore ta. Alama kusan ɗaya, magani uku, shi ya sa ba na yarda da mai shagon da zai rubuta maka abinci bai ga kashi ko jini ba.

Karen maƙwabcin namu, da aka gwada, fankiriyas ce. Yaron gidan ya riƙa sammakon zuwa mahauta duk Asabar da 'yar kula. Cikin mako biyu kashi ya haɗu, kafin damina ta fita haƙarƙari sun ɓace. Tsohon maigadin dai ba a sake nemansa ba.