THC da CBD: abin da ke cikin tabar wiwi

Da an taso da zancen tabar wiwi a majalisa, ba a rasa mai cewa ai Turawa ma magani suke yi da ita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da likita ke bayarwa daban yake da abin da ake naɗawa a busa.

Wiwi na ɗauke da sinadarai fiye da 100 'yan gida ɗaya, waɗanda masana ke kira kanabinoid. Babban mai sa maye a cikinsu shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964. Daga baya aka gano cewa ƙwaƙwalwa na da wasu makarɓa, CB1, kuma a 1992 aka gano anandamid, sinadarin da jiki ke yi da kansa don ya zauna a kansu. Kaɗan jiki ke yi, ya daidaita yunwa, zafin ciwo, barci da tunawa, sannan ya narkar da shi nan da nan. THC kuwa yana mamaye makarɓan gaba ɗaya, ya daɗe bai sauka ba. Shi ya sa zuciya ke bugawa da sauri, ido ya yi ja, yunwa ta taso, mutum ya fara magana ya manta inda ya nufa. Wani kuma tsoro ke kama shi, ya ga kamar ana binsa. Idan a cikin abinci aka ci, hanta na mayar da shi wani sinadari mai ƙarfi, kuma mayen kan yi awa ɗaya ko biyu bai zo ba, har mutum ya ƙara.

CBD, wani daga cikin kanabinoid ɗin, ba ya bugarwa. Shi ne a cikin Epidiolex, maganin da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Tatacce ne, ana auna shi da nauyin yaro, ana kuma duba hantarsa. Sauran, irin su CBG da CBN, har yanzu bincike ake yi a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu noma suka karkata ga irin da THC ya yi yawa. A wiwin da aka kama a Amurka, THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014, CBD kuma ya ragu. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, mai shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, don haka matashi ya fi cutuwa.

A Najeriya, binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6. Iyaye, idan yaro ya fara zargin kowa ko magana shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na tarayya a Kaduna, kafin a yi tunanin mari ko duka.