Lambar da Ke Zaɓa wa Ɗan Wasa Abokin Karawa

Matashin da ya ci wasa biyar a jere a wasan kwamfuta na League of Legends yakan ji kansa a sama. A karo na shida sai a haɗa shi da waɗanda suka fi ƙarfinsa, su yi masa ɗan karen duka, ya tashi yana cewa na'ura ta yi masa maguɗi. Babu maguɗi a ciki, lissafi ne, kuma lissafin ya girmi intanet.

Arpad Elo, farfesan kimiyyar fiziks haifaffen Hungary da ya koyar a Jami'ar Marquette ta Amurka, shi ya tsara shi domin wasan ces, darar Turawa. Hukumar ces ta Amurka ta karɓe shi a 1960, ta duniya, FIDE, ta bi sahu a 1970. Dabararsa ita ce maki hasashe ne kan wanda zai yi nasara. Idan tazarar 'yan wasa biyu ta kai maki 200, ana sa ran na sama ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari. Idan ta kai 400, sau goma zai ci kafin a ci shi sau ɗaya.

Daga nan ladan ke fitowa. A tsarin da iyakar canjin wasa guda take 32, sa'anni biyu in sun kara, mai nasara ya samu 16. Babban da ya doke wanda ya fi da maki 400 kuwa uku kacal zai tsira da su, amma in tsautsayi ya sa ƙaramin ya kayar da shi, 29 za su tafi. Da irin wannan awo gwanin ces Magnus Carlsen ya kai maki 2882 a 2014.

Sai dai Elo bai damu da ko an san ɗan wasa sosai ba. Mark Glickman ya gyara hakan a 1995 da tsarin Glicko, inda ya ƙara lamba ta biyu mai auna yawan shakka. Shi ya sa makin sabon shiga a Lichess, shafin ces mai amfani da irin wannan tsari, ke tsalle kamar fara, na tsohon hannu kuwa da ƙyar yake motsi. Microsoft ta faɗaɗa tunanin zuwa wasan ƙungiya da TrueSkill, wanda ta sa a dandalin wasanninta na Xbox Live a 2005.

A wasan ƙungiya ne rigimar take. Mutum biyar suka faɗi, laifin wa? Na'ura tana rage wa kowa, har da wanda ya yi bajinta, tana dogaro da cewa bayan wasanni masu yawa gaskiya za ta fito. Ga kuma gwanayen da ke buɗe sabon asusu don su riƙa lallasa 'yan koyo, abin da ke rikita awon gaba ɗaya. Saboda haka kamfanin wasanni na Valve ya tilasta haɗa lambar waya da asusu kafin shiga wasannin matsayi na Dota 2 tun 2017.