Turancin Raguwa Kaɗan: Tsakanin "Dip" da "Decline"

A watan Agustan 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa hauhawar farashi a Nijeriya ta sauko daga kashi 34.19 cikin ɗari a watan Yuni zuwa 33.40 a Yuli. Saukar ba ta taka kara ta karya ba, amma mai son ya bayyana ta da Turanci sai ya yi hattara.

"Fell to 33.40 per cent" yana nuna inda adadin ya tsaya ne, "fell by" kuwa girman tazarar yake faɗa. Ita tazarar "0.79 percentage points" ce. Wanda ya rubuta "0.79 per cent" ya faɗi wani abu daban, domin in aka auna raguwar da 34.19 ɗin da aka baro, ta kai kusan kashi 2.3 cikin ɗari.

Sai zaɓen kalma, inda a ganina aka fi yin tuntuɓe. "Slightly" da "marginally" ƙanƙantar raguwa suke nunawa, shi kuwa "gradually" babu ruwansa da girma, tafiyar sannu a hankali yake nufi, kuma wata ɗaya bai isa a kira shi haka ba. "Edged down" ya dace da saukar da da ƙyar ake ganinta. "Dip" yana ɗauke da ma'anar nutsewa ta ɗan lokaci sannan a taso, kuma abin da ya faru ke nan: bayan 32.15 a Agusta, adadin ya koma 32.70 a Satumba, ya kai 34.80 a Disamba. Da an ce "steady decline", da alƙaluman sun ƙaryata marubucin kafin shekara ta fita. "Plunged" kuwa a bar wa ranar da abu ya rikito da gaske. Masu shirin jarrabawar IELTS, da ake sa su bayyana jadawali cikin kalmomi aƙalla 150, sun san maki yana zubewa a irin waɗannan wurare.

Mafi muni shi ne mayar da "inflation eased slightly" ya zama "prices fell slightly". A watan Yulin 2024 kayayyaki sun fi na Yulin 2023 tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saurin hawan farashin ne ya ɗan lafa, hawan bai tsaya ba.