Liƙa Takardun Ado A Jikin Jita

Malaman da ke riƙe da kayan kiɗa na makaranta ya kamata su san ko takardar ado mai danƙo tana yi wa jita lahani. Amsar tana ga irin fentin ƙyallin da aka fesa mata, gama iri biyu ne.

Na farko shi ne naitiroselulos, wanda aka soma fesa wa motoci da kayan kiɗa a Amurka cikin shekarun 1920, har yau kuwa kamfanin Gibson da shi yake aiki. Wannan fenti ba shi da kauri. In takardar ta roba ce, man da ke sa robar laushi yakan ratsa shi, ya narkar da wurin, ya bar tabon da ba ya goguwa. Bayan haka, haske yakan rina fentin rawaya sannu a hankali, ban da inda takardar ta rufe. Ran da aka ɓare ta, sai a ga siffarta ta zauna daram.

Na biyu shi ne foliyesta da danginsa, wanda kamfanin Fender ya koma gare shi wajen 1968. Yawancin jitoci masu araha shi ne a jikinsu. Yana da tauri, danƙo ba ya cinsa.

To, shawararmu ita ce, wanda bai san irin fentin jitarsa ba kada ya liƙa mata kome. In an riga an liƙa, a ɓare a hankali, a goge sauran danƙon da man laita. Kada a kusantar da maganin goge jan farce, gama nan take yake narkar da naitiroselulos. Mai son ado ya liƙa wa akwatin jitar. Kayan makaranta amana ne a hannunmu.