Lafiyar ɗan tsako daga uwa take farawa

Shirinmu na wannan mako ya leƙa wajen 'yan kaji na Adjame da Treichville a birnin Abijan. Kai da kake sayen 'yan tsaki a kwali ka tsallaka iyaka da su, da ke da kike kiwo a bayan ɗaki, wannan magana taku ce.

Tun shekarar 2005 da gwamnatin Kodibuwa ta ɗora harajin jika ɗaya ta sefa a kan kowane kilo na kajin ƙanƙara da ake shigowa da su, kiwon cikin gida ya bunƙasa, musamman a Agnibilekuru kusa da iyakar Gana. Kaji sun yi yawa, cuta ma ta samu hanya.

Da yawanmu in an ce rigakafin kaji, sai hankali ya tafi ga cutar Niyukasil da Gumboro. To waɗannan na ƙwayar bairos ne. Akwai wani gida daban, na bakteriya: farin kashi da taifot na kaji, waɗanda ƙwayar salmonela ke haddasawa, da kwalarar kaji, da mura mai kumbura fuska. Abin tsoro ga salmonela shi ne tana bin ƙwai. Kaza za ta yi kamar lafiyarta lau, alhali ƙwayar na cikin mahaifarta. Bayan kwana 21 tsako ya fito da cutarsa. Ka saya, ka biya kuɗin mota, cikin mako biyu ka ga farin kashi ya liƙe musu a gindi, sun takure, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Makiyayi ya san maraƙin da bai sha dakashi ba bai cika yin ƙarko ba. Kaza ba ta da nono, saboda haka ta cikin gwaiduwa take ba ɗanta kariya. In an yi wa uwa allura, jikinta ya haɗa garkuwa, ƙwayar da za ta bi ƙwai ta ragu, tsako kuma ya samu abin da zai riƙe shi makonnin farko. Rigakafi ba sabon ilimi ba ne: Louis Pasteur na Faransa ya haɗa na kwalarar kaji wajen 1880.

Yaya ake yi? Ana yin allurar tun kaza tana budurwa, kafin ta fara ƙwai. Ta taifot, wadda ake kira 9R, galibi a mako na 6 ake fara ta, a maimaita kafin lokacin ƙwai. Zakaru ma a yi musu. Likitan dabbobi ne zai tsara maka ranaku. Sai a kiyaye abu huɗu:

Na ɗaya, sanyi. Maganin na son digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta wuni a rana a tashar Adjame ta zama ruwa kawai. Ka ɗauko ta a kula mai ƙanƙara.

Na biyu, kada ka haɗa 9R da antibiyotik. Ƙwaya ce mai rai da aka raunana, maganin zai kashe ta, kuɗinka ya tafi a banza.

Na uku, lafiyayyar kaza ake yi wa. Allura ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma sai bayan mako biyu zuwa uku take fara aiki. In mutuwa ta yi yawa, a nemi gwaji, akwai ɗakin binciken LANADA a Bingerville. Wadda jininta ya nuna salmonela a fitar da ita daga cikin iyaye.

Na huɗu, tsabta. Kajin da suka kwana a kasuwa ba su sayu ba, kada a maida su cikin iyaye. A wanke akurki da kwanduna, a kori ɓeraye.

Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka zare kuɗi, tambayi mai ƙyanƙyasa: wace allura aka yi wa iyayen, yaushe, ina takardar? In ya fara kame-kame, ƙara gaba. Araha ba ta ado.

Allah ya ba da sa'ar kiwo da kasuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.