MUTANEN ITALIYA: GARI YA GIRMI ƘASA

Duk malamin da ya taɓa rataya taswirar Turai a gaban yara ya sani, babu ƙasar da su ke saurin ganewa kamar Italiya. Ta miƙo cikin Bahar Rum kamar dogon takalmin mahayin doki, ga tsibirin Sisili a gabanta kamar dutsen da za ta shura. To, gane siffa a takarda ba wuya. Abin da mu ke so mu duba yau shi ne mutanen da ke cikin takalmin nan, don in ka tambayi mutumin Italiya shi ɗan ina ne, sau da yawa sunan garinsu zai fara gaya maka, ko Napoli, ko Milan, ko Benis, sa'an nan ya ambaci ƙasa. Dalilin haka kuwa shi ne garuruwan sun girmi ƙasar nesa ba kusa ba. Mutanen Roma suna lissafin kafuwar birninsu daga shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa, amma Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya mai sarki ɗaya ba a wannan zamani sai 1861.

DUWATSU DA ABINCI

Faɗin ƙasar ya kai murabba'in mil 116,000, mutanenta kuwa wajen miliyan 59. Daga arewa manyan duwatsun Alps sun tsare ta, waɗansu duwatsun kuma, Apenin, sun bi tsakiyarta tun daga wuyan takalmin har ƙafa, kamar ƙashin baya. Filin da ba tudu bai cika kashi ɗaya cikin huɗu ba, mafi girmansa kuwa shi ne kwarin kogin Po a arewa. Kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, ƙauyuka biyu da ke hangen juna daga kan tudu sai su yi wuni guda a tsakaninsu. Kowane kwari ya zauna da abinsa.

Ana ganin wannan har cikin tukunya. Mutanen arewa sun saba da shinkafa, da tuwon masara, da man shanu. Mutanen kudu kuwa alkama ce tasu, da man zaitun, da tumatir, ko da ya ke tumatir baƙo ne, daga Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16. Abincin nan da mu ke kira taliya, wanda sunansa a bakinmu ya kusa da sunan ƙasar, ba iri ɗaya ba ne a wurinsu. Kowane lardi da yadda ya ke murza shi, da yadda ya ke yanka shi, da miyar da a ke ci da shi, kuma kowa ya tabbata na garinsu ne na ainihi.

KOWA DA SARKINSA

Sa'ad da mulkin Romawa na yamma ya faɗi a shekarar 476, ƙasar ta rarrabu, ta kuwa zauna a rarrabe kusan shekara 1,400. Paparoma ya riƙe tsakiya. Benis da Jenowa suka zama biranen fatake masu jiragen ruwa, Fulorans ta masu saƙa da masu kuɗi. Sisili ma ta bi wata hanya dabam. A 827 rundunar Musulmi ta haye daga Tunisiya, shugabanta kuwa alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu wurin Imam Malik a Madina. Tsibirin ya zauna hannun Musulmi fiye da shekara 200 kafin Normawa su karɓe shi. Duk da haka ilmin bai tashi ba, don a fadar Sarki Roja na Biyu a Palarmo ne Idrisi ya gama babban littafinsa na taswirar duniya a 1154.

Rarrabuwan nan ta jawo yaƙe-yaƙe, amma ta jawo gasa, kowane birni yana so ya fi maƙwabcinsa gine-gine da malamai da gwanayen sana'a. Jami'ar Bolonya tana lissafin shekarunta daga 1088. A 1202 wani ɗan birnin Pisa, Leonardo, wanda a ke kira Fibonachi, ya rubuta littafin da ya taimaka ƙwarai wajen watsa alƙaluman lissafi na Larabawa a Turai, a Bijaya ta Aljeriya kuwa ya koye su yana yaro. Ma'aikatan baitulmali su ma suna da bashin godiya, don a Benis ne a 1494 Luka Pacholi ya buga bayanin rubuta kowane kuɗi sau biyu, gefen shiga da gefen fita, yadda in littafi bai daidaita ba a san akwai kuskure. A Benis ɗin kuma, a 1550, aka buga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Afirikanus, da harshen Italiya, a ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara. Ko baƙaƙen nan da mu ke rubuta boko da su, asalinsu na Romawa ne.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faransa da Sifen da Ostiriya suka yi ta zuwa suna cin garuruwan ɗai-ɗai. Sai a ƙarni na 19 aka tashi neman haɗin kai. A 1860 Garibaldi ya sauka Sisili da 'yan sa-kai wajen dubu ɗaya, ya ci kudu duka. Ran 17 ga Maris, 1861, aka naɗa Sarki Bikta Imanuwel na Biyu Sarkin Italiya. Benis ta shigo a 1866, Roma a 1870.

AN SAMI ƘASA, SAURA HARSHE

Nan ne labarin ya fi shafar mu malamai. An sami tuta ɗaya da sarki ɗaya, amma manomin Sisili da manomin Turin in sun haɗu ba su jin maganar juna. Harshen da a ke kira na Italiya asalinsa karin mutanen Fulorans ne, wanda Dante, mawaƙin da ya rasu a 1321, da waɗanda suka biyo shi suka ɗaukaka da rubuce-rubucensu. Shekaru ɗaruruwa ya zauna harshen littafi da na fada, talaka kuwa yana nan da karin garinsu. Wani masanin harshe, Tuliyo De Mauro, ya ƙiyasta cewa a 1861 masu iya magana da shi ba su wuce biyu da rabi cikin ɗari ba. Waɗansu masana sun ce sun kai goma. Ko wanne aka ɗauka, kaɗan ne. Ƙidayar shekaran nan kuma ta nuna fiye da mutum uku cikin huɗu ba su iya karatu da rubutu ba.

To, yaya aka yi? Ba dare ɗaya aka yi ba. A 1877 aka kafa dokar tilasta wa iyaye sa yara makarantar elementare, amma doka dabam, aiki dabam. Ƙananan hukumomin garuruwa su ke biyan malamai, matalautan garuruwan kudu kuwa ba su da abin biya, ga iyaye suna bukatar yaransu a gona. Sai a 1911 Gwamnati ta karɓi nauyin yawancin makarantun daga hannunsu. Aikin soja ya taimaka, don a yaƙin 1915 zuwa 1918 samari daga kowane lardi sun kwana rami ɗaya, tilas suka nemi harshen da zai haɗa su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen kudu suka yi ta ƙaura zuwa ma'aikatun Turin da Milan. A 1954 aka fara talabijin, kuma daga 1960 zuwa 1968 wani malamin elementare, Albarto Manzi, ya riƙa tsayawa gaban na'ura da gawayin zane da takarda yana koya wa manya karatu, tsofaffi suna taruwa da maraice suna bin sa baƙi-baƙi. A 1962 aka kafa dokar buɗe makarantar midil iri ɗaya ga kowane yaro har shekara 14. Watau sai da aka yi wajen shekara ɗari kafin harshen littafi ya zama harshen kasuwa.

A tsakiyar tafiyan nan an yi ɓatan kai. Musolini, wanda ya yi mulki daga 1922 zuwa 1943, ya so ya haɗa mutane da sanda. Ya tsananta wa masu jin Jamusanci da Sulobeniyanci na kan iyaka, har ana sauya musu sunaye. A waje kuma ya rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, ya faɗa wa Habasha a 1935. Sojan Nijeriya suna cikin waɗanda suka ci Mogadishu a 1941, suka bi rundunarsa har Habasha. Ran 2 ga Yuni, 1946, mutanen Italiya suka jefa ƙuri'a suka kawar da sarauta, tsarin mulkin 1948 kuma ya yi alkawarin kare masu ƙananan harsuna. A 1999 doka ta lissafa irin waɗannan harsuna 12.

ZAMAN GARI

Duk da haɗuwan nan, gari bai mutu ba. Kusan kowane gari yana da dandali a tsakiya, da coci, da hasumiyar ƙararrawa, har suna da kalma ta musamman don son gari, wadda suka ciro daga sunan hasumiyan nan. In rana ta yi sanyi sai a yi ado a fito, yara da tsofaffi, a yi ta kai da kawowa a dandali ana gaisawa. Ran Lahadi kuwa iyali su kan taru gidan kaka a ci abinci a zaune, ba gaggawa.

Wanda ya ke so ya ga ƙarfin abin ya tafi Siyena. Birnin yana da unguwa 17, kowace da tutarta da tamburanta. Sau biyu a shekara, ran 2 ga Yuli da ran 16 ga Agusta, dawaki goma su kan yi sukuwa, ba sirdi, su kewaya dandalin birnin sau uku. Tseren bai cika minti biyu ba, amma shekara guda a ke shirinsa. Ko mahayi ya faɗi, in dokin ya riga isa, unguwarsa ta ci.

ABIN DA KE DAMUN SU

Sai dai ƙauyuka suna tsiyayewa. Tsakanin 1876 da 1976 mutum wajen miliyan 26 suka fita neman abinci a Amurka, da Ajantina, da Barazil, da sauran ƙasashen Turai, ko da ya ke da yawa sun komo. Waɗansu aikin hannu ya kai su nesa, kamfanonin Italiya ne ma suka gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kwara, wadda aka gama a 1968. Yanzu kuwa haihuwa ce ta ragu. A 1964 an haifi yara fiye da miliyan ɗaya, a 2022 ba su kai 400,000 ba. Akwai garuruwan tudu inda aka rufe makaranta don rashin yara, hukuma tana sayar da kangon gida Yuro ɗaya tak ga wanda zai gyara ya zauna. In tsofaffin nan suka ƙare, karin maganarsu da girkinsu da waƙoƙinsu za su bi su, in ba wanda ya karɓa.

Saboda haka, in muka sake rataya taswira yara suka nuna takalmin, kada mu tsaya nan. Mu gaya musu cewa sanda ta gwada haɗa mutanen nan ta kasa, amma malamin ƙauye da allonsa ya iya, ko da ya ke sai da ya ci shekara ɗari. Mu kuma gaya musu cewa ɗan Siyena da ya koyi harshen ƙasa bai yar da tutar unguwarsu ba. Allah Ya sa mu amfana da labarin na nesa.