Gidajen rawar da ba su sayar da giya: Yadda 'yan raba dare na New York suka zama dangi

A birnin New York na ƙasar Amurka, doka ta tanadi cewa da ƙarfe huɗu na asuba kowace mashaya ta daina sayar da barasa. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980, a daidai lokacin da masu mashaya ke kife kujeru a kan tebura, wani gida mai lamba 84 a titin King shi kuma yake ɗaukar harama. Ginin tsohon garejin ajiye motoci ne. Mai son shiga sai ya nuna katin zama mamba, ko ya zo a rakiyar mai kati, sannan ya bi doguwar hanya mai hawa wadda motoci ke bi a da, ƙarar ganga na dukan ƙirjinsa tun bai kai bakin zauren ba.

Sunan wurin Paradise Garage. A ciki babu kantar giya, sai lemo da ruwa da 'ya'yan itatuwa da aka jera kyauta. Mutane kan zo da jaka ɗauke da tawul da kayan canji, domin sun san ba za su fito ba sai hantsi, wani lokaci ma sai rana ta take. Shekara goma kacal gidan ya yi a buɗe, daga 1977 zuwa 1987, amma waɗanda suka taka rawa a cikinsa sun shafe shekaru masu yawa bayan rufe shi suna haɗuwa don tunawa da shi, kamar yadda 'yan gida ɗaya kan taru bayan an raba gado.

Maraya da balan-balan

Tushen wannan al'ada yana komawa ga David Mancuso, wanda aka haifa a 1944 a garin Utica na jihar New York. Ya yi shekarunsa na farko a gidan marayu, inda wata mai hidimar coci da ake kira Sista Alicia kan shirya wa yaran ƙwarya-ƙwaryar biki: ta rataya balan-balan, ta ajiye lemo, ta sa musu faifan garmaho su yi ta tsalle. Wannan hoto bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Ranar 14 ga Fabrairun 1970, Mancuso ya buɗe ƙofar gidan da yake haya a lamba 647 a titin Broadway, ya gayyaci abokai biki. Ya raɗa wa bikin suna Love Saves the Day, wato ƙauna ce mai ceto. Bikin ya zama na kowane mako, mutane suka riƙa kiran wurin The Loft, saboda irin ɗakin ne mai faɗi da ke saman tsofaffin gine-ginen masana'antu. Ƙa'idodinsa kaɗan ne. Ba a shiga sai da gayyata. Ana ba da ɗan gudummawar kuɗi a ƙofa don a biya haya da abinci. Ba a sayar da komai a ciki. Balan-balan kuwa kullum suna nan a rufi.

Abin da ya ja hankali shi ne irin mutanen da suka cakuɗe a wurin. A lokacin da manyan gidajen rawa ke tantance mutum da launin fatarsa ko tsadar tufafinsa, a ɗakin Mancuso baƙar fata da farar fata da 'yan asalin yankin Latin Amurka, talaka da mai hali, maza da mata, duk a fili ɗaya suke rawa. Da yawa daga cikinsu masu neman jinsinsu ne, waɗanda a wancan zamani 'yan sanda ke yawan kai samame wuraren da suke taruwa, wasu ma iyayensu sun kore su daga gida. Katin gayyata ya zama musu katanga: duk wanda ke ciki akwai wanda ya tsaya masa, kuma mai gayyata shi ke ɗaukar nauyin halin baƙonsa.

Taƙaddamar lasisi

Rashin sayar da giya ya samo asali daga ra'ayin mai gida, amma doka ce ta ba shi nauyi. Tun 1926 birnin New York ke da dokar da ta wajabta wa duk wurin da ke sayar wa jama'a abinci ko abin sha, kuma ake rawa a cikinsa, ya mallaki lasisi na musamman. Samun lasisin na da wuya da tsada, kuma masu sukar dokar sun daɗe suna cewa an fi amfani da ita wajen takura wa wuraren baƙar fata.

Hukumar birnin mai kula da harkokin masu saye ta taso Mancuso a gaba a kan wannan lasisi. Hujjarsa ita ce shi ba ɗan kasuwa ba ne, baƙi yake karɓa a gidansa. Bayan doguwar taƙaddama a shekarun 1970, hukumar ta amince cewa tunda ba ya sayar wa jama'a ci ko sha, dokar ba ta hau kansa ba. Wannan hukunci ya share wa wasu hanya. Wurin da ba ya sayar da barasa, kuma na mambobi ne kawai, lokacin rufe mashaya bai shafe shi ba, yana iya kaiwa wayewar gari. Ta haka ƙa'idar ofis ta sassaƙa siffar wata al'ada: ƙofa a rufe, kanta babu giya, rawa har hantsi. Ita kanta dokar ta 1926 sai a 2017 aka soke ta, bayan shekara 91.

Faifan da ya fito daga Kamaru

Mancuso bai damu da faya-fayan da gidajen rediyo ke yayi ba. Yakan bi ƙananan shaguna yana tono abin da ba wanda ya sani. A 1972 ya tsinci wani faifai a wani shago a unguwar Brooklyn. Waƙar mawaƙin Kamaru Manu Dibango ce mai suna Soul Makossa, wadda aka buga a bayan faifan da aka yi don gasar cin kofin nahiyar Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a wannan shekara. Da ya fara sa ta a The Loft sai masu rawa suka kama ta hannu bibbiyu. Daga nan Frankie Crocker, fitaccen mai gabatar da shiri a gidan rediyon WBLS, ya ɗauke ta, 'yan kwafin da ke gari suka ƙare, kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga ta, a 1973 kuma ta shiga jerin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Amurka.

Wannan ya nuna wa kamfanonin waƙa cewa ɗan zauren da babu ko allon suna a ƙofarsa na iya ɗaga waƙa ta game ƙasa. A 1975, shekarar da The Loft ya koma lamba 99 a titin Prince, Mancuso da abokansa suka kafa wata ƙungiya da ke karɓar sababbin faya-fayai daga kamfanoni tana raba wa masu sa kiɗa a gidajen rawa, waɗanda aka fi sani da DJ.

Garejin Larry Levan

Cikin samarin da suka yi wayo a filin rawar Mancuso akwai aminai biyu, Larry Levan ɗan Brooklyn da Frankie Knuckles ɗan Bronx. Lokacin da Michael Brody ya kama hayar garejin titin King, Levan ya ɗauko ya damƙa wa kiɗan. An fara da bukukuwan tara kuɗin gyara a 1977, tun ginin bai kammala ba, aka yi cikakkiyar buɗewa a farkon 1978. Injiniya Richard Long ne ya haɗa lasifikokin, waɗanda masana sauti ke yabawa har yau.

Levan ya ɗauki zauren tamkar ɗakinsa. An san shi da tsayar da komai a tsakiyar dare don ya gyara sautin lasifika, ko ya hau tsani ya goge ƙwallayen madubin da ke rataye a rufi, jama'a na tsaye suna jira. Idan ya yarda da waƙa, to sai an so ta. Haka ya yi da Heartbeat ta Taana Gardner a 1981: da farko masu rawa sun watse saboda sanyin tafiyarta, ya yi ta maimaita ta har suka sallama, daga bisani ta zama cikin faya-fayan da suka fi samun kasuwa a birnin. Da safe mutane kan fito daga garejin su zarce shagon Vinylmania da ke kusa, suna neman abin da suka ji da daddare.

Ma'abota wurin kan kamanta daren Asabar da taron coci, saboda yadda ba sa fashi da yadda suke fitowa zuciya wasai. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, a nan kuwa maganar ta zauna daram. Mutumin da ya kwana shida yana dakon kaya ko wankin kwanuka ko aikin ofis, ba wanda ya san da zamansa, ranar Asabar yana da wurin da aka san sunansa, aka san kusurwar da yake tsayawa, kuma idan bai zo ba za a tambaya.

Shi kuwa Knuckles ya nufi Chicago a 1977, inda Robert Williams ya buɗe irin wannan gida mai suna Warehouse a lamba 206 a titin South Jefferson. A Yulin 1979 dubban mutane suka taru a filin wasa na Comiskey Park a birnin, aka tarwatsa tarin faya-fayan kiɗan disko da abin fashewa, manyan kamfanoni kuma suka fara juya wa kiɗan baya. Knuckles ya ci gaba da yanka tsofaffin waƙoƙi yana sake ɗinke su don masu rawarsa. Daga sunan gidan ne aka samo sunan kiɗan house, wanda a yau ake ji daga Landan har Johannesburg.

Baƙin da ke cikin farin

Rashin giya bai hana wasu abubuwan shiga ba. Miyagun ƙwayoyi sun yi yawo a waɗannan wurare, kuma shi kansa Levan ya faɗa tarkonsu, abin da ya ci lafiyarsa da aikinsa a shekarunsa na ƙarshe.

Babban bala'in kuwa ya zo ne daga 1981, lokacin da hukumomin lafiya na Amurka suka fara ba da rahoton cutar da daga baya aka sani da ƙanjamau. Ba ta da magani a lokacin, gwamnati ta yi jan ƙafa, wasu iyalai kuma suka guji 'ya'yansu da suka kamu. A nan ne aka gane ko zumuntar filin rawa ta wuce ta kiɗa. A Afrilun 1982 aka yi taron tara kuɗi a Paradise Garage don ƙungiyar Gay Men's Health Crisis, ɗaya daga cikin irinsa na farko a ƙasar. Abokan rawa suka koma masu jinya, masu kai abinci asibiti, masu raka gawa. Mai zane Keith Haring, wanda ya yi wa bangon garejin ado, cutar ce ta yi ajalinsa a 1990.

A Satumbar 1987 wa'adin hayar ginin ya cika, ga shi Brody na kwance da wannan cuta. Aka yi bikin bankwana na kusan kwana biyu, aka rufe ƙofa. Brody ya rasu a Disambar wannan shekara. Levan ya biyo baya ranar 8 ga Nuwamban 1992, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 38.

Abin da ya rage

Hauhawar kuɗin haya ta yi wa waɗannan wurare abin da 'yan sanda suka kasa. Unguwannin da a da suke cike da rumbunan ajiya da ba mai so sun zama na attajirai, shi ma Mancuso ya yi ta ƙaura daga wannan gini zuwa wancan. Amma jama'ar ba ta watse ba. A 1991 aka buɗe Shelter a New York ƙarƙashin Timmy Regisford, a wannan shekara kuma aka buɗe Ministry of Sound a Landan, wanda masu shi suka kwaikwayo tsarin garejin. A 1996 aka fara bikin Body & Soul na yammacin Lahadi, inda tsofaffin 'yan gareji, wasu da furfura, ke rawa kafaɗa da kafaɗa da sa'o'in 'ya'yansu.

Hukumomin da a da ke farautar waɗannan gidaje su ma sun sauya murya. A 2004 birnin Chicago ya sa wa ɓangaren titin da Warehouse yake sunan Frankie Knuckles, da goyon bayan Barack Obama, wanda a lokacin ɗan majalisar dattawan jihar Illinois ne. A 2023 aka sanya ginin cikin wuraren tarihi da doka ta hana rushewa.

Garejin titin King bai samu wannan gata ba. A Mayun 2014 dubban mutane sun cika titin da rana tsaka, suna rawa a gaban rufaffiyar ƙofarsa, suna neman a sa wa titin sunan Larry Levan. Shekara huɗu bayan nan, a 2018, aka rushe ginin. Mancuso ya rasu a Nuwamban 2016 yana da shekara 72, amma abokansa sun ci gaba da shirya bikin The Loft a zauren haya, da katin gayyata, da abinci a kan tebur, da balan-balan a rufi.